Mai Doguwar Igiya a Dajin Gajimare

A garin da na tashi rijiyoyi uku ne, biyu a cikin gari, ɗaya a bayan gari kusa da wata tsohuwar kuka. Da damina ba mai waiwayar ta bakin kukar, domin na cikin gari a cike suke, ko yaro ya zura guga da igiya gaba biyu zai ɗebo. Sai bazara ta kama, ruwansu ya ja baya ya koma taɓo, sannan ake tunawa da ita. Ba ta ƙafewa, amma zurfinta ya isa. In ka leƙa, can ƙasa kake hango ruwan yana ƙyalli kamar ƙwayar ido. A duk unguwarmu gida ɗaya ne ke da igiyar da ke taɓo shi, gidan wani dattijo da muke kira Baba. Har yau ina jin muryar mahaifiyata tana aikena: "Je ka gaida Baba, ka ce in ji ni, in ba a aiki da igiya a ara mana." Dattijon yakan ce, "Ka ce ina amsawa. Ɗauki, amma kada ka ja mini ita a ƙasa, kuma ta dawo kafin la'asar." Sai in naɗo ta a kafaɗa tana rinjayata, ina tafe ina gyara zamanta.

Igiyar nan arziki ce a gidansu, domin ba su taɓa kwana da ƙishirwa ba, ba su kuma taɓa shiga turereniyar bakin rijiya ba. Amma ɗawainiya ce. Sai an shanya ta bayan aiki, a naɗe, a rataye nesa da gara da ɓera. Inda ta fara sili sai an zauna an gyara tun ba ta tsinke da guga a ciki ba, a shiga neman ƙugiya. Mai gajeriyar igiya yakan jefa tasa a lungu ya manta. Mai doguwa ba shi da wannan hutun.

Ita ce ta faɗo mini a rai ranar da na fara ganin hoton wani tsuntsu na duwatsun Andis, a Kudancin Amurka. Ɗan ƙarami ne, nauyinsa giram 10 zuwa 15, kamar ka ɗora dunƙulen magi uku ko huɗu a tafin hannu. Amma bakinsa ya kai santimita 10, wani ma ya ɗara, baƙi, siriri, ya ɗan karkata sama kaɗan, sai ka ce basillar ɗinkin buhu. In aka cire wutsiya, bakin ya fi sauran jikin tsawo, kuma a duk tsuntsayen duniya shi kaɗai aka sani da haka. Zalɓe da shamuwa suna da dogon baki, amma suna da jikin ɗaukarsa. Wannan kuwa ka ce baki ne aka fara yi, sannan aka liƙa masa tsuntsu a baya. Masana suna kiransa Ensifera ensifera, wato mai ɗauke da takobi a Latin, mutanen ƙasashen kuma suna cewa picoespada da Sifaniyanci, bakin takobi ke nan. Wani Bafaranshe mai cinikin busassun tsuntsaye a Paris, Auguste Boissonneau, shi ya fara bayyana shi ga masana a 1840, a zamanin da ake lodin fatun irin waɗannan tsuntsaye daga Bogota zuwa Turai, wasu don ɗakunan nazari, wasu don ado a hulunan mata. Zan kira shi Mai-takobi tunda sunan ya bi shi, amma a ganina an yi masa gurguwar fahimta. Takobi na sara ne. Wannan baki na ɗiba ne, igiya ce ta rijiya mai zurfi.

Danginsa su ne ake kira kolibiri, sun haura iri 350, kuma babu su ko'ina sai nahiyar Amurka, tun daga Alaska har ƙarshen kudu. Wanda ya san 'yan tsuntsayen nan namu masu sheƙi da ke bin furen kauci, waɗanda ake ce wa sha-kauci, zai ɗauka 'yan uwa ne. Sana'a ce ta haɗa su, ba jini ba. Namu galibi sai sun sami wurin dafawa suke sha. Kolibiri kuwa a iska yake tsayawa cak, fikafikansa na kaɗawa gaba da baya har ido ba ya ganinsu, sai dai kunne ya ji ɗan gurnani kamar na zuma, kuma yana iya tashi da baya in ya gama. Danginsa na kusa, abin mamaki, wani jinsin tsattsewa ne, kuma daga can suka gado ƙananan ƙafafun da ba sa tafiya a ƙasa, sai dai riƙe reshe.

Mazaunin Mai-takobi wani siririn zirin daji ne da ya bi jikin duwatsu daga Benezuwela, ya ratsa Kolombiya da Ekwado da Peru, ya dire a Bolibiya. Ana samunsa daga tsayin mita 1,700 zuwa 3,500 sama da teku, ya fi yawa tsakanin 2,400 da 3,100. Don a gane nisan, Chappal Waddi da ke Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, kansa bai wuce mita 2,400 da 'yan kai ba. Inda ƙasarmu ta ƙare a sama, daga nan gidansa yake farawa sosai. Iska mai ɗumi da laima takan taso daga kurmin Amazon ta gabas, ko daga teku ta yamma, ta ci karo da dutse, ta hau, ta yi sanyi, ta zama gajimare, gajimaren kuma ya zauna a cikin itatuwa. Mu hazo muka sani, na hunturu, mai fasa leɓe da dunduniya. Nasu hazon jiƙaƙƙe ne: mutum zai fita ba a ɗiga ko ɗigon ruwan sama ba, ya dawo rigarsa sharkaf. Wanda ya taɓa kwana a Gembu, ko ya shiga dajin Ngel Nyaki a kan tsaunin Mambila da sassafe, ya ɗanɗani ɗan kaɗan daga abin da nake nufi. Kowane reshe gansakuka ta lulluɓe shi kamar an yafa masa bargo. Tsirrai suna fitowa a kan tsirrai, wasunsu dangin abarba ne da ke zaune a kan rassa suna tara ruwa a tsakiyar ganyensu kamar ƙoƙo. Ko'ina ɗiga yake yi, kuma daga wannan ɗigar ƙoramu ke samun ruwan da garuruwan ƙasa ke sha.

Wurin yana da kyau, amma ba mai sauƙi ba ne. Iskar shaƙa ta yi ƙaranci, baƙo yana hawa 'yan matakala zai tsaya yana haki, ga ta ba kauri, fiffike ba ya samun abin dannawa sosai. Tsayuwa a iska kuwa ita ce mafi cin ƙarfi a duk salon tashin tsuntsaye. An gano jinin kolibirin da ke zaune a ƙololuwa ya fi na 'yan uwansu na ƙasa kama iskar shaƙa, kamar yadda ɗan dutse yake hawa da kaya a ka yana hira alhali ɗan fadama yana neman wurin zama.

To, ina rijiyar? Tana rataye a jikin itatuwa. Akwai wata yaɗo da masana ke kira Passiflora mixta, dangin abin da mutanen Ekwado ke ce wa taxo, 'yan Kolombiya kuma curuba, mai 'ya'ya dogaye kamar ƙaramar ayaba da ake matsewa a sha. Furenta ruwan hoda ne, bakinsa a buɗe kamar faifai, amma bayan bakin akwai dogon bututu siriri, kuma zaƙin yana can ƙarshensa. Zuma ta zo ta zagaya ta tafi. Ƙananan kolibiri su zura baki su tarar bai kai ko rabi ba. Tsawon bututun da tsawon bakin Mai-takobi kuwa kamar an gwada da mudu ɗaya.

Na daɗe ina juya wannan a raina, domin a hankalce mai son baƙi ba ya haƙa rijiyar da mutum ɗaya kawai zai iya sha. Amma fure ba sadaka yake yi ba, lada yake biya. Manomi ya san gwanda namiji ba ya 'ya'ya, masu dabino kuma sun san sai an kai garin furen namiji kan mace ake samun nono mai kyau. Wannan aikin barbara shi tsiron ke saya da zaƙinsa. In ya bar rijiyarsa a buɗe ga kowa, mai sha zai kwashi garin furensa ya je ya zubar a kan wani tsiro daban, an yi asara. In kuwa ya zurfafa ta, mai doguwar igiya ne kaɗai zai zo, kuma shi daga wannan rijiya wata irinta zai nufa, tunda a nan ne ba shi da abokin rabo. Tsiron ya kuma jera garin nasa daidai bakin bututu, ta yadda in tsuntsun ya zura baki har gindi, dole kansa da maƙogwaronsa su goga. Ya sha ya ƙoshi, ya tashi da saƙo bai sani ba. Wani nazari da masana a Munich ta Jamus suka fitar a 2014 ya nuna cewa a cikin wannan reshe na yaɗon akwai iri fiye da 30 da suka dogara da wannan tsuntsu guda.

Ɗaya rijiyar tasa ba baƙuwa ba ce gare mu. Itaciya ce mai manyan furanni kamar kakaki suna reto kai ƙasa, masana na ce mata Brugmansia, kuma 'yar uwar zaƙami ce ta jini, da kamanninta da dafinta. Wanda ya kalli furen zaƙami a kan juji ya ga samfurin abin, sai dai na can ya fi girma, akwai kuma ja mai bakin garwashi da Mai-takobi ya fi so. Da yake furen ƙasa yake kallo, ta ƙasa yake zuwar masa, ya tsaya a iska, ya ɗaga bakin nan sama ya tura. Ɗiba ce ta juye, rijiya a sama, mai guga a ƙasa.

Gugan kansa shi ne harshe. An daɗe ana koyar da cewa harshen kolibiri kamar lagwani yake, ruwa na hawa shi da kansa. A 2011 wani masani ɗan Kolombiya, Alejandro Rico-Guevara, da Margaret Rubega, a jami'ar Connecticut ta Amurka, suka yi amfani da kyamara mai tsananin sauri da furannin roba masu nuna ciki, suka ga abin ba haka yake ba. Kan harshen a rabe yake biyu, da 'yan geza a gefe. Yana shiga ruwa sai ya buɗe, yana fitowa sai gezar ta naɗe ta kamo ruwan, bakin ya tatse shi, harshen ya koma. Hakan na faruwa fiye da sau 10 a daƙiƙa guda. Duk wanda ya taɓa jan guga na fata ya san yadda yake buɗe baki in ya faɗa ruwa, ya tsuke in an ja. Abin da ya bambanta shi ne saurin. Kuma harshen Mai-takobi dole ya bi tsawon bakin nan duka, har ya zarce.

Yanzu sai ɗawainiyar igiya, wadda ita ce ta fi taɓa ni. Tsuntsu da baki yake wanka da shafa da taje gashi. Ka kalli kurciya ko tattabara da hantsi, rabin zamanta gyaran gashi ne, tana bin kowane ɗaya da baki. A dajin da komai jiƙe yake, wannan ba kwalliya ba ce, gashin da ba a gyara ba ba ya tare ruwa, ba ya riƙe ɗumi, kuma ƙwari su samu gida. Mai-takobi ba ya iya kai kan bakinsa jikinsa, kamar a ba mutum taɓarya a ce ya sosa ƙeyarsa da kanta yana riƙe da gindinta a haƙori. Saboda haka da ƙafa yake yi. Yakan dafe reshe da ƙafa ɗaya, ya ɗago ɗayar yana tajewa da farata, waɗannan 'yan ƙafafu da ko tafiya ba sa yi. Abin da sauran tsuntsaye ke gamawa cikin sauƙi shi sai ya zauna ya ba shi lokaci.

Zama ma sai da dabara. In ya sauka a reshe ba ya miƙe bakin gaba kamar kowa, sai ya ɗaga shi sama ya ɗan kwantar da kai baya. Wanda bai sani ba zai ce taƙama ce. Amma duk wanda ya taɓa ɗaukar doguwar gora ko azara ya san in ka miƙa ta gaba hannunka zai gaji nan da nan, in ka tsayar da ita nauyin ya sauka a jikinka sai ka huta. Wuyan tsuntsun nan yake hutarwa. Kuma shi ba ya iya jingine kayan a bango ya miƙe ƙafa kamar yadda Baba yake rataye igiyarsa da yamma. Da shi yake tashi, da shi yake barci, da shi yake kutsawa tsakanin rassa. Da shi ne ma yake cafke ƙananan ƙwari a iska, domin zaƙi kaɗai ba ya gina jiki, kamar yadda ba a rayuwa da rake zalla. Macen kuma, wadda cikinta fari ne da ɗigo-ɗigon kore, ba kamar namijin mai koren ƙirji mai walƙiya ba, ita kaɗai ke gina sheƙa ta kuma yi reno, yadda al'adar danginsu take. 'Ya'yan da gajeren baki ake ƙyanƙyashe su, daga baya yake tsawo, kuma da wannan basilla take zuba musu abinci a maƙogwaro ba tare da ta ji musu ciwo ba.

Walƙiyar gashin nasu ma ba rini ba ce kawai. Tsarin gashin ne ke karya haske, shi ya sa ta wani ɓangare za ka ga baƙi, ya juya kaɗan ka ga kore na ci kamar wuta. Yana tuna mini da rawani ɗan Kura, wanda bugu ne ke fito masa da sheƙi, kuma sai rana ta doke shi ta gefen da ya dace kake ganin aikin da aka yi.

Ladan duk wannan wahala shi ne zaman lafiya. Yawancin kolibiri masu faɗa ne. Ɗaya zai sami itaciya mai furanni ya kafa ya tsare, duk wanda ya matso ya bi shi da gudu, ya wuni yana kora, kamar layin famfo da rani inda rabin ƙarfin mutum a rigima yake ƙarewa kafin jarkarsa ta cika. Mai-takobi zagaye yake yi. Yana da jerin furanninsa a warwatse cikin daji, ya sha a nan, ya wuce can, ya haura gaba, sannan ya dawo ta inda ya fara. Matan garinmu sun san wannan ilimi. Da bazara sukan san wace rijiya aka kwashe da asuba, wacce za ta tara ruwa kafin azahar, ba sa ɓata tafiya zuwa wadda aka bari yanzu. Fure ma in an shanye shi sai ya ɗauki lokaci kafin ya sake tarawa. Tsuntsun nan mai ɗan ƙaramin kai yana riƙe da taswirar rijiyoyinsa da lokacin kowace. Kuma yana iya juya baya ya tafi hankali kwance, tunda ya san wanda zai zo bayansa ba shi da igiya.

Sai dai ba a rasa mai zagayowa ta baya. A dajin akwai wasu ƙananan tsuntsaye da ake ce wa pinchaflor, mai huda fure ke nan, masana kuma Diglossa. Leɓensu na sama yana da ƙugiya, na ƙasa kamar tsinke. Sukan sauka a gindin bututun, su maƙale shi da ƙugiyar, su huda da tsinken, su tsotse zaƙin daga gefe, ba su taɓa garin furen ba balle su kai saƙo. Wasu gajerun kolibiri ma sukan biyo bayansu su sha ta hujin da aka bari. Kamar mutum ya huda randa ta gindi ne ya sha, mai gida ya zo da moɗa ya tarar wayam. Ba na ganin laifinsu, yunwa ce ke kora kowa a wannan daji, amma abin yana nuna cewa doguwar igiya ba ta sa a ce an gama tsira. Mai-takobi yakan iso furen da ya lissafa ya cika ya tarar an riga shi, kuma shi ba shi da hanyar gefe.

Lissafin nasa kuwa ba ya ɗaukar kuskure da yawa. Zuciyar kolibiri in yana tashi takan buga fiye da sau 1,000 a minti. A wuni yakan sha abin da ya kai nauyin jikinsa ko ya fi, kuma kusan duk abin da ya sha a take yake ƙonewa. Ɗan ga-ruwa ne ko ɗan dako, abin da aka samu yau shi za a ci yau, babu rumbu. To ga dare, sa'o'i 12 ba fure, ga sanyin dutse da kan kusa daskarar da ruwa. A nan ne danginsu ke yin abin da kakata take yi kowane dare kafin ashana ta wadata. In an gama tuwo ba ta barin wuta na ci, ba ta kuma kashe ta. Takan tara garwashin wuri guda ta rufe da toka. Da asuba ka taɓa murhun ka ji sanyi, ka rantse babu komai, sai ta tone, ta sa 'yan karare, ta hura, wuta ta tashi. Wadda ba ta iya rufewa ba ita ce za a gani da sassafe da kasko tana bin maƙwabta ɗibar wuta.

Haka kolibirin duwatsu ke yi in dare ya yi tsanani. Ya riƙe reshe, ya bar zafin jikinsa ya sauka daga wajen digiri 40, zuciya ta koma bugawa jefi-jefi, numfashi ya kusa tsayawa. A wani nazari da aka fitar a 2020, wanda aka yi a duwatsun Peru a tsayin kusan mita 3,800, an auna wani ɗan uwansu baƙi jikinsa ya sauka zuwa digiri 3.3, mafi ƙanƙantar zafin da aka taɓa aunawa a jikin tsuntsu mai rai. Gab da wayewar gari sai ya fara karkarwa, tsokar ƙirji na hura garwashin, har ya dawo hayyacinsa ya tashi neman fure na farko. Amma a tsawon wannan suma ba ya iya gudu. Duk abin da ya same shi a reshe ya samu nama.

Wanda ya kai birnin Kito zai iya ganin Mai-takobi ba da nisa ba. A jikin dutsen Pichincha da ke kallon birnin akwai gandun Yanacocha, sama da mita 3,000, wanda gidauniyar Jocotoco ta kafa a 2001 don ceton wani kolibiri mai baƙin ƙirji da farin gashi a ƙafa, wanda ya kusa ƙarewa. A can ana rataye 'yan kwanonin ruwan sukari. Sauran tsuntsaye su maƙale a bakin kwano, shi kuwa sai ya ja baya ya tsaya a iska daga nesa, yana auna ƙaramin rami da kan bakinsa. A rijiya marar zurfi doguwar igiya sai ta zama kaya.

Shi kansa ba ya cikin tsuntsayen da ake fargabar ƙarewarsu a yanzu, domin zirin dajinsa dogo ne. Abin da ke damuna ba shi ba ne, rijiyar ce. Alaƙarsu ba ta zo daidai ba. Mai doguwar igiya yana iya ɗiba a gajeriyar rijiya in ta kama, kuma Mai-takobi yana shan wasu furannin, har da na kwano. Yaɗon kuwa ba ta da wani ɗan aike sai shi. Wasu masana biyu 'yan Denmak, Lindberg da Olesen, sun yi nazarin wannan a Ekwado suka fitar a 2001, suna jan kunne cewa sare dajin da ke korar tsuntsun yana barin tsiron ba mai yi masa barbara. Dajin kuwa ana cinsa ta ƙasa da ta sama, a sare a yi gawayi, a shuka dankali, a buɗe makiyayar shanun madara. Ba mugunta ce ke sa manomin dutse haka ba, shi ma 'ya'ya gare shi. Amma tsuntsu mai zagaye yana bukatar hanyarsa ta haɗu, daga wannan kurmi zuwa wancan, da wurin fakewa a tsakani. In aka yanke ta da fili mai faɗi, sai ya sauke wannan ɓangare daga lissafinsa.

Mukan ce rijiya ta bayar guga ya hana, in muna kukan wanda ya tare alherin da ba nasa ba. Akwai abin da ya fi wannan ciwo, kuma na gan shi. Shekarar da Baba ya rasu, iyalinsa suka tashi zuwa birni, igiyar ta bi su ko ta ruɓe a rataye. Bazara ta zo, muka je bakin kuka, aka ƙulla igiyoyi uku wuri guda, gugan yana reto a sama da ruwa da kamar gaba biyu, muna jin sanyinsa yana tasowa, muna ganin ƙyallinsa. Muka naɗe muka koma layin taɓo.

A gefen wata makiyaya a Andis, yaɗon takan tsira daga gatari ta hau shinge. Lokacinta na yi ta buɗe furanninta ruwan hoda, ta cika bututun da zaƙi, ta jera garinta a baki. Zuma ta zo ta zagaya. Mai huda ya zo ya sha ta gindi. Kurmin da Mai-takobi ke kwana yana can ƙetaren gonakin dankali, gajimare na shiga yana fita. Furen ya yi kwanakinsa ya yanƙwane, ya faɗi cikin ciyawa, shanu su taka.